Jan Layin Da Ya Daina Fitowa

Duk wanda ya taɓa shigowa shagona a nan Sabo ya ga yadda fuskar kwamfuta take zama idan ana buga takarda da Hausa: ja wur, kamar an yanka kaza a kai. Microsoft Word ɗin da ke ciki Turanci ta sani, saboda haka kowace kalma tamu sai ta ja mata jan layi a ƙasa, wai kuskure ne. Maganinsa mai sauƙi ne. Ka danna kalmar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Add to Dictionary, shi ke nan ta shiga ƙamus ɗinka, ba za a sake ja mata layi ba. Shekara da shekaru haka nake yi, har ta kai idan na ga ja a takardar Hausa na san lalle yatsana ne ya zame.

To, wannan amanar ce ta kusa raba ni da wani dattijo mai sayar da goro da muka daɗe muna mutunci.

Mahaifiyarsa ta rasu, ya kawo sanarwar sadakar arba'in a buga masa kwafi ɗari biyu. Na buga, na duba, ban ga ja ko ɗaya ba, na miƙa. Washegari bayan la'asar sai ga shi da takardar a hannu. Bai ko zauna ba.

"Malam, karanta min layin farko."

Na karanta. Maimakon "Marigayiya Hajiya" abin da ke jiki shi ne "Marigiya Hajiya".

Ya ce, "Tsohuwar da ta yi shekara tamanin ba ta taɓa ganin kwalba ba, yau ka haɗa ta da giya? An riga an raba a masallatai, har Sasa an kai."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Na sake buga masa kyauta, amma wanda ya karanta ya riga ya karanta.

Da daddare na zauna ina tunanin yadda aka yi jan layi bai fito ba. Na tambayi yarona da ke koyon aiki, sai ya ce, "Oga, ai jan ne ke damun idona, duk wanda na gani sai in danna ya tafi." Ashe wata huɗu ke nan yana zuba wa ƙamus ɗin duk abin da yatsa ya buga, daidai da ba daidai ba.

Kada sunan ƙamus ya ruɗe ku, ba irin na Bargery ba ne mai fassara da bayani. Jerin kalmomi ne kawai, ɗaya a kowane layi, a wani ɗan fayil da a tawa kwamfutar ake kira CUSTOM.DIC. Word ba ta tambayar ma'ana. Abin da ke cikin jerin nan halal ne a wurinta. Hanyar shiga ita ce File, sai Options, sai Proofing, sai Custom Dictionaries, sannan Edit Word List. A nan ba a gyara kalma a inda take, sai dai ka goge ta ka shigar da ta daidai. Akwai kuma maɓallin da ke share komai gaba ɗaya, kuma wallahi a daren nan saura kaɗan in danna shi.

Abin da ya hana ni shi ne na fara karantawa. Ga Mokola, ga Bodija, ga Dugbe, ga Olubadan, ga huhun goro, ga sunayen mutanen da na buga wa katin ɗaurin aure, daga baya na buga wa 'ya'yansu na suna, wasu ma na buga sanarwar rasuwarsu. Na goge "marigiya", na goge "gafatra" da "Alhmais" ban ko waiwaya ba. Waɗannan ba su da mai kare su.

Inda na tsaya cak shi ne kan sunaye. Na ga Rekiya kusa da Rakiya, Aminat kusa da Amina, Kadiri kusa da Abdulƙadir, Mallam mai l biyu, har da Alaji. Hannuna ya kai zai goge, sai na tuna daga ina suka fito. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, kakanninmu da iyayenmu a nan aka haife su. Da yawanmu ranar da aka kai mu firamare, malamin da ya rubuta sunanmu Bayarabe ne, ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Sunan nan ya bi mu zuwa takardar jarrabawa, ya bi mu banki, ya hau katin ɗan ƙasa. Matar da takardunta duka suka ce Rekiya, idan na yi mata gwaninta na mayar da ita Rakiya a takardar neman aiki, na jawo mata zaryar kotu da kuɗin rantsuwa. A Kano kuskure ne, a Ibadan kuwa sunanta ne.

Sai na raba gida biyu, tunda Word ta yarda mutum ya buɗe ƙamus fiye da ɗaya. Na farko na Hausa zalla, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu. Na biyu na sunaye yadda suke a takardun masu su, kuma su da babban baƙi nake shigarwa, don idan an buga da ƙarami ta ja layi. Wanda zai buɗe fayil ɗin da Notepad don ya yi sauri, ya tabbata ya adana shi a tsarin Unicode, in ba haka ba baƙaƙen nan masu lanƙwasa za su koma alamar tambaya. Ni sai da ta faru da ni.

Dare uku na yi a kai. Na kwafe su biyun a filashi na sa a aljihun tebur. Yaron kuwa na ce masa ya ci gaba da buga aikinsa, amma duk kalmar da yake so ta shiga ƙamus ya rubuta a takarda, ranar Juma'a bayan masallaci mu duba tare. Makon jiya ya kawo goma sha ɗaya, muka karɓi bakwai.

Dattijon ya dawo, katin auren jikarsa ya kawo. Da na buga, sai ya ja kujera, ya sa tabarau, ya ce in karanta masa da baki, layi-layi, yana bi da yatsa.