Lissafin da Na Yi wa Kawuna

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani abu da ya same ni a hutun damina na 2024, ko da ya ke ba abin yabo ba ne gare ni. Zancen haƙori ne, zancen lissafi ne kuma.

Ni mutumin Sahuda ne. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne can gaba da Mubi wajen duwatsu, a bakin iyakar Nijeriya da Kamaru. In ka wuce shingen kwastan, kafin ka yi nisa ka shiga Bukula, ka zama baƙo a ƙasar waje. Sabo da haka in mutumin Kano ya ce za shi waje neman magani, jirgin sama ya ke nufi, amma mu a wurinmu babur ne, wani lokaci ma ƙafa. Dā can Jamus ne ke riƙe da mu duka, mu da su. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ja layi tsakanin rabon Ingila da na Faransa, sa'an nan ran 11 ga Fabrairu 1961 iyayenmu suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya. Layin bai raba zumunci ba. Muna auren juna, muna cin kasuwar juna, a Oktoba 2014 kuwa, sa'ad da Boko Haram suka kama Mubi, ta wannan hanya jama'a suka tsere, mutanen ƙetare suka ba su masauki. Na faɗi wannan domin kada wani ya karanta abin da ke biye ya ce ina ɓata maƙwabtanmu.

Ina da kawu, manomi ne, yana kuma taɓa fataucin gyaɗa. Wani turminsa na ƙasa ya yi kogo tun da rani. Ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sha ƙwayoyin kemis iri iri. Ciwon ya kan lafa mako guda, ya komo da ƙarfi. Da na zo hutu na iske shi ya ɗaure kai da rawani, ba ya cin tuwo sai kunu. Ga shi lokacin noma ne, gona tana jiransa.

Ran nan wani abokin cinikinsa ya zo duba shi, ya ce, "Me ya sa ka ke wahal da kanka? Tafi Garwa. Can sefa 10,000 kaɗai za ka ba da, a cire maka shi ran da ka isa, ba layi, ba jeka ka dawo." Da dare kawu ya kira ni gaban mutanen gida, ya ce, "To, Malam, kai ne mai boko. Yi mana lissafi, Yola ko Garwa?" Na ɗauko takarda da fensir ina jin kaina. Na rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, na rubuta kuɗin likita yadda baƙon nan ya faɗa, na ja layi, na ce, "Kawu, Garwa ta fi sauƙi." Abu biyu kaɗai na tara. Ban tambayi kome game da haƙorin kansa ba.

Muka tashi da asuba da naira 120,000. Kuskurena na fari ya bayyana tun a wurin ɗan canji. Kawu ya girma a zamanin da naira ke da ƙarfi, har wajen 2014 naira guda tana sayen sefa kusan uku. Amma sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, ba ta motsi sai sun motsa, naira kuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta yi ta gangarawa. Ran nan sefa 1,000 sai da naira 2,500 da ɗoriya. Ɗan canji ya ƙirga mana sefa 46,000. Kawu ya juya su a hannu, ya ce, "Ɗana, ina sauran?" Na ce, "Ke nan, Kawu."

Daga Bukula muka nufi Gidar, daga can Garwa. Ruwa ya ɓata hanya, mota ta kafe sau biyu. A wani shinge aka tambaye mu takardu da katin rigakafin shawara. Mutumin da ya saba shiga kasuwar bakin iyaka ba ya tunawa da irin waɗannan, gama ba mai tambayarsa, amma in ka yi zurfi cikin ƙasa dokarsu tana nan. Muka ɓata sa'a biyu a wurin, aljihu kuma ya ƙara sauƙi. Ba mu isa ba sai bayan magariba, sai ga kuɗin masauki da na abinci, waɗanda ba su cikin takardata.

Da safe muka sami likitan haƙori, na gaske, mai takardar shaida rataye a bango. Wurinsa tsab tsab, ina gani ya fid da kayan aiki daga cikin leda a rufe. Ni ba na jin Faransanci, shi kuma Turancin Ingilishi kaɗan ya ke ji, sai Fulatanci ya cece mu, kawu da ma'aikacinsa suka yi ta fassara. Ya ɗauki hoton haƙorin, ya nuna mana. Ya ce ruɓa ta ci har jijiya, mugunya ta taru a gindi, saiwoyin kuma a lanƙwashe su ke, in an ja da ƙarfi za su karye. Ya ba mu zaɓi biyu. Ko a raya haƙorin, watau a huda shi a cire jijiyar a wanke a cike, aikin da ke son zuwa kamar sau uku cikin 'yan makonni, kuɗinsa ya fi duk abin da muka zo da shi. Ko kuwa kawu ya sha magani kwana biyar, ya komo a yi ɗan tsagi a fid da shi a hankali, bayan mako guda kuma a duba ɗinki.

Muka fito muka zauna gindin wata bishiyar darbejiya, muka ƙirga abin da ya rage. Ba ya isa zaman kwana biyar, ba ya isa tafiya gida da komowa. Ashe abin da ban sa a lissafi ba shi ne babba, watau kuɗin komawa.

A masaukinmu wani ya ji zancen, ya ce ai akwai mai cire haƙori a bayan kasuwa, sefa 3,000, nan take. Na ce, "Kawu, ka ji abin da likita ya ce game da saiwa." Ya ce, "Ɗana, da haƙorin nan na bar gida, ba na komawa da shi. Me zan ce wa mutane?" Na yi shiru, gama ba a ja da babba, kuma ni na kawo shi. Wannan shirun shi ne kuskurena na biyu, ya kuwa fi na farin muni.

Rumfa ce ta buhu. Mutumin yana da benci, da kwalba cike da haƙoran mutane don talla, da filaya cikin kwano mai ruwa ja ja. Ya yi wa kawu allura, bai jira ta kama sosai ba, ya danne masa kai ya ja. Na ji wani ƙas! Ya ɗaga guntun haƙori ya ce an gama, ya cusa auduga, ya karɓi kuɗinsa. Bai ba mu ko 'yar takarda ba.

Muka iso gida, kawu yana murna. Kwana biyu fuska ta soma hawa. A na uku kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi ya rufe shi, baki ba ya buɗuwa sai yatsa guda, ko miyau ba ya iya haɗiyewa. Matarsa ta dube ni ta ce, "Malam, sai ku koma wurin wanda ya yi aikin." To, wa za mu koma wa? Ban san ko sunansa ba, tsakaninmu da shi kuma tafiyar yini ce da shingaye. Cikin dare da ruwa muka ɗora shi a mota zuwa Mubi. Likitan da ya gan shi ya yi masa allura, ya ce maza mu wuce Yola, kada mu tsaya. Daga baya aka bayyana mini dalili. Mugunyar turmin ƙasa ta kan bi ta ƙarƙashin harshe ta shiga wuya, ta tura harshe baya har ta toshe hanyar numfashi. Mutum ya kan mutu da wannan, a kan haƙori guda.

A Yola aka tsaga ƙarƙashin haɓa aka fid da mugunyar, aka zaro saiwar da ta karye a ciki. Hoton nan da likitan Garwa ya ɗauka, da ya ke na adana shi cikin littafina, ya taimake su ƙwarai. Kawu ya yi kwana tara a gado. Aka sayar da bijiminsa guda na huɗa, gonar gyaɗa kuwa ciyawa ta ci rabinta. Har wa yau ba mu huta ba, gama da na kwatanta musu kwanon nan mai ruwa ja, suka ce lalle bayan 'yan watanni a gwada jininsa sabo da ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Ƙwayar ciwon hanta irin na B tana iya yin kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba. Kurkura da ruwa ba ya kashe ta. Abin da a ke yi a asibiti shi ne a sa kayan cikin tukunyar tururi mai matsi, zafi ya kai awo 121, su yi aƙalla minti 15. Mun yi watanni da zullumi. Mun gode wa Allah, gwajin ya fito lafiya.

Da na komo makaranta na sake zama da takardar nan tawa, na ga inda na ɓata. Na ɗauki aikin haƙori tamkar sayen takalmi, ka biya ka sa ka tafi. Alhali kuwa yawancinsa ba na zama guda ba ne. Ko cirewa ce, ramin yana son a duba shi, in jinin da ya daskare a ciki ya fita sai ƙashi ya zauna a fili, zafinsa ya fi na dā. Haƙoran roba suna son gwaji da gyara. Masu hali na birane, da ke hawa jirgi zuwa Turkiyya ko Masar ko Indiya don a dasa musu haƙori, su ma wannan lissafi bai bar su ba. Ƙusar da a ke kafawa cikin muƙamuƙi ta kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya riƙe ta, sa'an nan a ɗora haƙorin a kai. Tafiya biyu ke nan tun kafin wani abu ya ɓaci. In ya ɓaci kuwa, likitan gida ba ya sha'awar gyaran aikin da bai san yadda aka fara shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin ikon majiyyaci ko likita. Iyaka ƙofa ce, mabuɗinta yana hannun hukuma. A Agusta 2019 Gwamnatinmu ta rufe iyakokin ƙasa, aka fi shekara a haka, a Maris 2020 kuma Kamaru ta rufe nata sabo da annobar korona. Wanda aka huda wa haƙori ana jiran ya komo a cike, ina za shi? Ga kuma zancen ƙara. A gida, likitan haƙori yana da rajista wurin hukumar likitoci ta ƙasa, in ya yi ganganci akwai inda za a kai kuka. A ƙasar wani, da harshen da ba ka ji, ko ƙofar ofishin ba ka sani ba.

Ban ce kada kowa ya ƙetare ba. Mu mutanen bakin iyaka wani lokaci asibitin ƙetare ya fi namu kusa, likitan da muka gani a Garwa kuma ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Da mun je da guzurin bin maganarsa, da kawu bai rasa bijimi ba. Masu filaya a bayan kasuwa kuwa, akwai su a wancan gefe, akwai su a namu. Abin da na ke roƙo shi ne, in wani naku ya ce za shi, ku sa a fara duba shi a gida a san irin aikin. Ku tambaya zuwa nawa aikin ke so, ku ninka kuɗin mota da masauki da wannan adadi, bisa canjin ranar. Ku tafi da takardunku, da wanda ke jin harshen. Ku karɓi hoto da rubutaccen bayanin abin da aka yi. Ku san kuma tun kafin tashi wanda zai duba shi in ciwo ya tashi cikin dare. In an tara waɗannan duka, sau da yawa za a ga arahar ta gudu.

Mu kuma da za mu fita koyarwa, yawancinmu ƙauyuka za a tura mu, inda malami shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai ba da shawara. Za a kawo muku irin tambayar da kawu ya kawo mini, a gaban jama'a, za ku ji kunyar cewa ba ku sani ba. Ku daure ku ce, "Bari in tambayo." Ku riƙa duba bakin yaranku kuma a lokacin duban tsabta da safe, ku koya musu asuwaki ko buroshi safe da dare, da rage alewa. Kogon nan na kawu, da an cike shi tun yana ƙarami, zama guda ya isa.

Kawu yana nan lafiya, da ɗan tabo ƙarƙashin gemu, yana tauna goro da gefe guda. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sai dai duk ran da na je hutu, da ya hango ni daga zaure sai ya ce wa yara, "Ku kawo tabarma, ga Malam Rabin Lissafi ya iso." Ni ma na kan yi dariya, amma na adana takardar nan har yanzu.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mu daga da na sani. Amin.