Abin da Ba a Rubuta a Littafin Kwamiti Ba

A wani ƙauye na bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da garin Rusairis a ƙasar Sudan, an yi wani mutum da jama'a suka naɗa magatakardan kwamitin gari. Sun ba shi aikin ne domin yana da kyakkyawan rubutun Larabci, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Bahaushe ne, amma bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa da niyyar zuwa Makka. Guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya neman kuɗin ƙetare teku, ya yi aure, nan kuwa ajali ya same shi.

Labarin Hausawan Sudan da yawa ke nan. Waɗansu maniyyata ne da hanya ta tsayar. Waɗansu kuwa sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na fari, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan da Turawan Ingila suka kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, Hausawa suka shiga ƙodago a can. Da yawansu sun zauna a sansanonin leburori da ake kira kanabi har suka ga jikoki, ba su da takardar filin da suke kwana a kai. Waɗanda suka yi kudu, kamar dangin magatakardan nan, su da noman lambu suka kama, suna shuka albasa da kuɓewa da masara a fadamar da kogi yakan bari in ya janye.

An gama gina madatsar Rusairis a 1966. A 2008 gwamnati ta soma aikin ƙara mata tsawo da mita 10, domin a tara ruwa fiye da ninki biyu na dā saboda lantarki da noman rani. Kowa a ƙauyen ya fahimci ma'anar wannan: tafkin zai faɗaɗa, zai kuwa cinye gidajensu.

Daga nan kwamiti bai ƙara hutawa ba. Kowace Juma'a da la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, magatakarda ya buɗe babban littafinsa a kan gwiwa, ya karanta wa jama'a labarin da aka samu a mako. Ma'aikata sun zo da igiyar awo. Za a gina sababbin garuruwa. Za a biya diyya. Sai kowa ya faɗi damuwarsa, shi kuwa yana rubutawa. Ɗaki nawa ne a gidan wane, rumbu nawa, mangwaro nawa, lemo nawa. Wani ya ce an manta da ɗakin amaryar ɗansa. Wani ya ce an ƙirga itatuwansa bakwai alhali tara ne. Magatakarda yakan hau mota har Damazin, ya yini a bakin ofis domin a gyara lissafin mutum guda. Ya yi aikin nan da gaskiya, ba wanda zai ce ya gaza.

Wata rana ana gab da tashi, sai wata tsohuwa, gwauruwa, da ke zaune can baya wajen mata, ta ɗaga murya.

"Malam, ɗakuna dai na ji kun ƙirga. To, in mun je can, a ina za mu yi shuka? Kuma wa za mu tambaya?"

Maza suka yi dariya. Wani ya ce, "Inna, gwamnatin da za ta ba ki gida ce za ta hana ki gona?"

Magatakarda ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, Inna. An ce za a yanka gonaki daga baya."

"An rubuta?"

"Ba a rubuta ba tukuna."

Ta ce, "To," ta ɗauki sandarta. Shi kuwa bai sa tambayar a littafi ba, gama a ganinsa ba ta cikin lissafin diyya.

An ƙaddamar da aikin madatsar a Janairu 2013. An kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa 12 da aka gina, waɗanda lamba aka sa musu maimakon suna: Gari na 3, Gari na 4, Gari na 7. Gaskiyar magana, akwai abin farin ciki. Ga gidaje a jere, ga makaranta kusa, ga asibiti. Yara suka yi murna, matasa suka ce an shigo birni.

Da damina ta faɗi sai tambayar tsohuwa ta dawo. Fadama tana ƙarƙashin ruwa. A sabon wurin an haɗa mutanen ƙauyuka dabam dabam da kabilu dabam dabam, ga Hausawa, ga Hamaj, ga Barta, ga Funj, kowa yana neman inda zai sa garma. A ƙasar nan kuwa rabon gona bisa al'ada yana hannun sarakunan gargajiya na kabilun da ake ɗauka su ne masu ƙasa. A tsohon ƙauye ba a damu da wannan ba, domin kakanni sun riga sun shirya tsakaninsu, kowa ya san iyakarsa da itacen da ke kan iyakar. Ruwa ya shafe iyakokin nan duka. Mutumin da aka haifi ubansa a bakin kogin ya wayi gari yana aron gona shekara shekara, ana tuna masa cewa shi baƙo ne.

Maƙwabcin magatakarda ta gabas mutumin Hamaj ne, shi ma yana cikin kwamitin mutanensa. Sukan sha shayi tare da yamma. Ran nan ya ce masa, "Malam, ku kuna zama kuna cewa za a hana ku ƙasa. Mu muna zama muna cewa za ku ƙwace ta. Me zai hana mu shimfiɗa tabarma ɗaya?" Magatakarda ya kai maganar gaban kwamitinsa. Aka ce ba yanzu ba, sai an gama karɓar ragowar diyya, kada a raba hankali. Shi ma bai matsa ba. Haka shekaru suka wuce, kwamiti biyu a gari ɗaya, kowane yana jin labarin ɗayan daga bakin 'yan tsegumi.

A 2022 shugabannin Hausawa na jihar suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. Su a wurinsu neman bakin magana ne. Sauran kabilu suka ɗauka neman mallakar ƙasar kakanninsu ne. A watan Yuli faɗa ya ɓarke, ya kai Rusairis, aka kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoba ya sake tashi a yankin Wad al-Mahi, inda waɗansu daga cikin garuruwan nan masu lamba suke, aka kashe fiye da 150 cikin kwana biyu. An ƙone gidaje, an zub da jini ta kowane ɓangare, dubban mutane suka gudu.

Maƙwabcin nan ne ya ƙwanƙwasa wa magatakarda ƙofa da tsakar dare. Ya ce, "Ɗan'uwa, kwashe iyalinka kafin asuba, ka bi ta bayan makaranta." Ya fita da matarsa da jikoki huɗu da ƙunshin tufafi, da littafin kwamiti a hammata. Suka sauka a gidan dangi a wajen Sinnar. Kafin su farfaɗo kuma yaƙin Sudan ya tashi a Afrilu 2023.

A can ne wata rana jikansa ya ga yana juya shafin littafin, ya ce, "Kaka, gidajen nan fa ba su nan. Me za ka yi da shi?" Ya ce, "Ina neman tambayar wata tsohuwa ne, ko na sa ta a wani gefe na manta." Ya duba daga fari har ƙarshe. Ga ɗakuna, ga rumbuna, ga mangwaro, kowane da lissafinsa daidai. Maganar gona da maganar zama da maƙwabta kuwa ko layi ɗaya babu.

Mai karatu kada ya ce wannan na mutanen nesa ne. Tafkin Kainji ya cinye tsohuwar Busa a 1968, aka mai da mutanenta Sabuwar Busa. A Bakolori, wajen Talatar Mafara, rikicin gonaki da diyya ya kai ga kashe manoma a 1980. Gwarawan Abuja sun san abin da ake nufi da a ce birni yana zuwa. Yau ma ba unguwar da ba ta jin labarin sabon titi ko kasuwa ko filayen da za a yanka, kuma galibi akwai ƙungiyar unguwa da magatakardanta.

Kwamiti irin wannan yana da kyau ya ƙirga ɗakuna, gama haƙƙin mutane ne. Amma tun ran gini ran zane. Kafin a ɗaga ƙafa, a tambaya da me za a ci abinci a sabon wuri, wa ke da ikon ƙasar, a kuma ga amsar a rubuce da sa hannu. A saurari gwauraye da masu haya da masu aron gona, domin su ne sukan fara jin inda abu zai yi ciwo. In kuwa akwai wata kabila ko wani addini a unguwar, a nemi kwamitinsu tun ana gaisawa, a zauna a tabarma ɗaya. Magatakardan nan ya ce da ya samu ya koma gindin tsamiya, da shafin farko na littafinsa zai ba tsohuwar.