Memorin da Ya Yi Kwantai a Gwangwani

Duk lokacin da na je gida Rano na buɗe tsohuwar akwatin Yaya, sai na ci karo da wani gwangwanin madara cike da ƙananan memori baƙaƙe. Kowanne da tambarin M2 a jikinsa, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Da na ɗauki ɗaya na ɗora a tafin hannu, sai shekarar 2007 ta dawo mini sabuwa fil.

A lokacin ina sakandare. Yaya yana da teburi a gindin darbejiya kusa da tasha, da tsohuwar kwamfuta da ɗan janareta. Sana'arsa tura karatu da wa'azi da waƙoƙin fim a waya. Da an tashi makaranta nakan wuce can, ni ne mai zare memori da farce in miƙa masa. Mutane na zuwa a kan mashin daga Kibiya da Rurum, wani da ƙurar gona a ƙafarsa, ya ce, "Malam, a cika min ita taf." Su zauna a benci ana hira ana shan rake har layi ya zo kansu. Ban taɓa jin daɗin wani zama kamar wannan ba.

Wahalar aikin ɗaya ce: kowace waya da irin raminta. Nokia 6600 tana cin MMC, mai faɗi kamar kan sarki. N73 sai miniSD. Sony Ericsson K750i tana ɗaukar Memory Stick Duo, K800i kuma M2. Ga kuma wata 'yar mitsitsiya kamar farcen yaro, microSD, wadda ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Ashe abin da muke gani a teburin nan ƙurar wata babbar kokawa ce da ake yi a Japan da Amurka. Sony ya fito da Memory Stick a 1998, gidan da M2 ya fito, yana riƙe da ragamarsa. A 1999 Panasonic da SanDisk da Toshiba suka haɗu suka fito da SD, a 2000 suka kafa ƙungiya suka buɗe ƙofa ga duk kamfanin da ke son shiga. Daga wannan gida microSD ta fito a 2005.

Mu dai abin da idonmu ya gani shi ne Sony Ericsson ce wayar 'yan gayu, sautinta garau, hotonta tangaran. Da kaka ta yi, Yaya ya sayar da gyaɗar da ya noma a gonar kawunmu ta Kibiya, ya tafi Farm Centre a Kano ya saro M2 da kusan duka kuɗin. Da daddare ya baje su a tabarma yana lissafin riba. Baba ya juya ɗaya a hannu ya tambaye shi, "Wayoyi nawa ne yake shiga?" Yaya ya ce iri ɗaya ne, amma ita ce gaba da kowa. Baba ya ajiye ya ce, "To, Allah Ya sa albarka. Amma ka sani, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Ba a jima ba wayoyi 'yan Chaina suka cika gari, masu layi biyu da lasifika mai ƙara, ga araha. Dukkansu microSD suke ci, Nokia ma ta koma kanta. A 2009 Sony Ericsson da kansa ya fara barin M2 ya rungumi microSD. Kayan Yaya suka yi kwantai. Babu wanda ya cuce shi, kayan kuma lafiyarsu ƙalau. Masu saye ne suka koma wata hanya. Sai da ya yi damina biyu kafin ya mayar da uwar kuɗinsa.

Daga baya na karanta cewa manyan masu jari ma sun sha irin wannan. A 2000 Intel ya fito da Pentium 4 ya ɗaure shi da memorin Rambus, mai sauri amma mai tsada, wanda duk mai ƙera shi sai ya biya lada. Sauran kamfanoni suka taru a kan DDR a ƙarƙashin ƙungiyar JEDEC. Zuwa 2002 Intel ya koma DDR, hannun jarin Rambus kuwa da ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar 2000 ya riga ya zube warwas a 2001. Tambayar da Baba ya yi a kan tabarma ita ce ta raba gardamar can ma.

Yau darbejiyar tana nan, teburin babu. Yaya ya koma sayar da taki da iri, Allah kuma Ya rufa masa asiri. Ɗan'uwa mai shirin zuba guminka a sabon kaya, ko caja ce ko batirin sola ko hannun jari, kada ƙyalli ya ɗauke maka ido. Ka fara tambayar mutum nawa ne suka yarda da shi, gida nawa yake shiga, sannan ka kwance bakin jaka.