Sabuwar Windows ta fito: a ɗora yanzu, ko a jira bakansi?

A makon jiya, bayan an tashi daga makaranta, wani uban ɗalibi ya tare ni a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, yaron nan ya hana ni sakat. Wai kwamfutar da na saya masa ta tsufa, sai an ɗora mata sabuwar Windows, in ba haka ba a sayo wata. Kai da ka san kan abin, me za ka ce?" Na yi dariya na ce masa: "Alhaji, ban san kan abin ba, wuya ce kawai na sha a kansa." Ga labarin da na ba shi, na ga ya dace in kawo shi nan don malamai ƴan'uwana da iyayen yara.

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi. Kwamfutata okaziyo ce, na saye ta a 2018, kuma ko a lokacin ta riga ta yi shekaru a hannun wani. Duk aikina yana cikinta: darussa, tambayoyin jarrabawa, da jadawalin Excel inda nake zuba makin ɗalibai 214 na azuzuwa huɗu. Windows 10 ce a kanta, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, masu gyara suna ce mata sistem. Ita ce daɓen ɗaki, sauran manhajoji kamar Word da Excel kaya ne da aka jera a kai.

Ranar 5 ga Oktoba 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11. Ba a jima ba wani matashin malami da muke aiki tare ya zo da sabuwar kwamfuta mai ɗauke da ita. A ɗakin malamai aka kewaye shi ana kallo, gumakan sun koma tsakiya, komai luwai-luwai. Ni da ake kira "injiniya" a makaranta, don ni ake kawo wa kile idan ya ƙi buɗewa, sai na ji an bar ni a baya. Wannan ne dalilina na gaskiya, babu wani aikin da tsohuwar ta kasa yi mini.

Na gwada ɗorawa da kaina, kwamfutar ta ce ba ta cika sharuɗɗa ba. Windows 11 tana buƙatar aƙalla giga 4 na RAM, giga 64 na wurin ajiya, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. A ɓangaren ƙwaƙwalwar Intel kuma, sai daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a wajajen 2017. Tawa zubi na 4 ce. An gaya mini gaskiya ƙarara a kan allo, amma na ƙi ji.

Cikin sanyin farkon 2022, ana saura kwana biyar mu raba bilten, na ɗauke ta zuwa wurin wani mai gyara. Ya ce akwai hanyar zagaye sharuɗɗan, jika uku ne aikin. Ya tambaye ni: "Mushe, ka kwashe kayanka? Don sai na goge komai." Na ce duk suna cikin kile. Hakkinsa ne in faɗa, ya tambaya har sau biyu.

Da dare na dawo gida, na buɗe kilen, sai gabana ya faɗi. Kwafin jadawalin da ke ciki ya yi wata ɗaya da rabi. Duk makin da na zuba bayan wannan rana ya tafi. Washegari na je makaranta, amprimantin da muke buga bilten da shi ya ƙi gane kwamfutar. Tsohon inji ne, kuma ƴar manhajar da ke fassara tsakaninsa da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira pilot, ta tafi tare da abin da aka goge. Na yini ina neman wadda za ta yi aiki ban samu ba.

Daga baya na koyi wani abu da ya ƙara mini takaici. Wanda ya ɗora Windows 11 ta hanyar da aka tsara, ba tare da gogewa ba, yana da kwana 10 da zai iya komawa kan tsohuwar idan sabuwar ba ta yi masa ba. Ni da na bi ta bayan gida aka goge komai, babu ƙofar komawa.

Azuzuwa uku na same su cikin sauƙi, domin makinsu yana cikin littafin maki na takarda. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro wannan littafi. Amma ƴan turwaziyem, masu shirin BEPC, akwai gwaji ɗaya da na zuba makinsa kai tsaye cikin kwamfuta, na mayar wa yara takardunsu. Dole na tsaya gaban aji, ni da nake yi musu faɗa kullum a kan sakaci, na ce kowa ya dawo mini da takardarsa. Cikin 58, ɗalibai 49 suka kawo. Sauran tara sun ɓatar.

A cikin taran akwai wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin baya. Ta ce ƙanenta ya yaga takardar, amma ta samu 16 bisa 20. Ita kuwa ba ta saba wuce 10 ba. Aji ya ɗauki guna-guni. Ta dube ni ta ce: "Mushe, kai da kanka ka rubuta mini 'da kyau' da jan biro." Na yi iya ƙoƙarina in tuna, na kasa. Idan na ba ta 16, sauran takwas ɗin ma kowa zai faɗi abin da ya ga dama. Idan na hana ta, wataƙila na danne mata maki mafi kyau da ta taɓa samu a lissafi, saboda laifin da ba nata ba.

Na je wurin darakta na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Muka yanke shawarar a sake wa taran gwaji a kan darasin. Yarinyar ta samu 15. Da na miƙa mata takardar ba ta ce komai ba, ni ne na ba ta haƙuri a gaban aji. Bilten na ajin ya makara da kwana shida, kuma a wani shagon fotokofi aka buga shi da kuɗin aljihuna.

Bayan ƙura ta lafa na zauna na yi lissafi, tunda shi ne sana'ata. Me na samu? Gumaka a tsakiyar allo. Me na rasa? Mako guda na barci, kuɗi, da wani abu daga amincin da ke tsakanina da ɗaliba. Kuma kwamfutar da aka tilasta wa sabuwar manhaja, Microsoft ya bayyana tun farko cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da gyare-gyare ba. A bakansin wannan shekarar na mayar da ita kan Windows 10.

Kada wani ya ce ai abin ya same ni ne don kwamfutata ba ta cancanta ba. Haka ne, amma ko mai sabuwa dal yana da dalilin jira. Manhaja irin wannan za ta hau kan miliyoyin kwamfutoci iri-iri, kowace da nata amprimanti da nata kayan haɗi. Babu ɗakin gwajin da zai iya tara su duka. Saboda haka waɗanda suka fara ɗorawa su ne ke gano sauran kurakuran. A Oktoban 2018 an fitar da wani babban sabuntawa na Windows 10, wasu daga cikin waɗanda suka yi saurin ɗora shi suka tarar takardunsu sun ɓace. Cikin ƴan kwanaki aka janye shi, ba a sake sakinsa ba sai a Nuwamba. Wanda ya jira makonni shida bai rasa komai ba.

Masu yin manhajar ma sun san da haka. Ubuntu, wadda ke cikin dangin Linux, tana fitar da babban zubinta mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu. Amma ba ta tayin sauyawa ga masu amfani da zubin da ya gabata sai bayan ƴan watanni, idan an fitar da gyaran farko. Idan mai abu ya ce a dakata, ban ga abin da zai sa malamin makaranta ya fi shi gaggawa ba.

Mu nan kuma muna da namu ƙarin dalilan. Sauke Windows 11 yana cin fiye da giga 5 na intanet, kowa ya san abin da wannan ke nufi a aljihun malami. Ɗorawar tana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, kuma idan aka ɗauke kuran a tsakiya alhali batirin ya mutu, kamar na yawancin okaziyo, kwamfutar tana iya ƙin tashi. Wanda ke zaune inda kuran ba ya yankewa, kuma yana da kwamfuta ta biyu a gida, zai iya wasa da sabon abu. Mai kwamfuta ɗaya tilo da makin yara ɗari biyu a ciki ba shi da wannan damar.

To, amma akwai ɗaya gefen, kuma zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan. Jira daban, ƙin motsi daban. Na san ofisoshin makarantu da har yau suke kan Windows 7, wadda aka daina tallafa wa tun 14 ga Janairu 2020. Ma'anar daina tallafi ita ce, idan ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, babu mai zuwa ya toshe ta. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Maganin kafar da ta bi ya fito tun watan Maris, amma da yawa ba su ɗora ba. Mu da kilenmu ke yawo daga shagon fotokofi zuwa ofis zuwa gida, bai kamata mu yi wasa da wannan ba.

Abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya, shi ke kawo ruɗani. Akwai ƙananan gyare-gyaren tsaro da ke zuwa kowane wata. Waɗannan kamar toshe ɓarakar katanga ne, a yi su da wuri. Akwai kuma sauya babbar manhaja ɗungurungum, wanda ya yi kama da fasa daɓe a sake sabo. Wannan sai an fitar da kaya waje, kuma ba a yin sa ranar da ake jiran baƙi.

Manoman ƙauyenmu sun fi ni fahimtar wannan. Idan ruwan farko ya sauka, mai hankali yana tona ƙasa ya ga inda laima ta kai kafin ya fito da iri. Mai gaggawa yana shuka, rana ta ƙone tsiron, ya koma neman wani irin. Wanda kuma ya yi ta jira har damina ta yi nisa, shi ma ba zai cika rumbu ba.

Yanzu lokacin jira ya ƙare wa Windows 10, domin an daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum, gyaran tsaro ne ya tsaya. Akwai shirin ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, wanda zai kai 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma ta wuce shekara huɗu, ba sabuwa ba ce kuma.

Abin da na gaya wa Alhaji shi ne, kada ya yi saurin zuwa kasuwa. A fara duba kwamfutar da manhajar PC Health Check, kyauta ce, za ta faɗa ko ta cika sharuɗɗa. Idan ta cika, a ɗora ta hanyar da aka tsara, amma bayan yaron ya gama jarrabawa. Idan ba ta cika ba, kada a bari wani ya tilasta mata. A yi rajistar ƙarin wa'adin a samu lokacin tara kuɗi, ko a gwada Linux Mint, wadda ke tafiya lafiya a kan tsoffin kwamfutoci kuma tana zuwa da LibreOffice na rubutu da jadawali. Idan kuma za a sayi wata okaziyo, a tambayi zubin ƙwaƙwalwarta kafin a tambayi kuɗinta.

Ni kaina na tara na sayi wata okaziyon mai zubi na 8 a bakansin da ya wuce. Na yi ƙaura cikin watan Agusta, lokacin da babu makin kowa a hannuna. Na kwafe komai a wuri biyu, na buɗe kwafin na ga ranar da ke kansa da idona. Na ɗauki kwamfutar zuwa makaranta na buga shafi ɗaya a amprimanti tun kafin a koma aji. Tsohuwar kuma na bar ta yadda take har na yi wata guda da sabuwar.

Ɗalibar nan ta ci BEPC a wannan shekarar. Tun daga ranar da na ba ta haƙuri, kowane maki sai ya shiga littafin takarda da biro kafin ya shiga kwamfuta.