Shari'ar kujera mai ɗingishi

Akwai maganar da kowane malamin firamare a ƙasar nan ya saba ji. Yaro ya maimaita aji, sakamako ya sake fitowa ba daɗi, sai uban ya zo ya ce, "Mushe, tunda kan nan ba ya ɗauka, zan kai shi wajen kafinta ko gareji." Da muryar wanda ya haƙura ake faɗin ta, kamar mai kai tsohuwar akuya kasuwa. A tunanin da yawa daga cikinmu, iyaye da malamai, rumfar kafinta wuri ne na jibge waɗanda lissafi ya gagara. Ni kuwa zirga-zirgar da nake yi tsakanin aji da wata rumfa a nan Bune ta nuna mini cewa lissafi ake yi a can tun safe har yamma, kuma cikin dariya ake yin sa.

Teburan ɗalibai ne ke kai ni, waɗanda muke kira tabul-ban. Tebur ɗaya yara uku ko huɗu ke matsuwa a kansa, don haka kafin shekara ta ƙare ƙafafu sun saki, ƙusoshi sun fito suna yaga riguna. Kafin komawa makaranta a watan Oktoba, kwamitin iyaye kan haɗa ɗan abin da ya samu, a loda karyayyun a amalanke, ni kuma a ɗora mini bin aikin. Rumfar ba wata babba ba ce: inuwar kwano da zana, dogon teburin aiki da ya sha duka, akwatin kayan aiki, sai falankai jingine a bango. Babu inji ko ɗaya. Maigidan dattijo ne mai furfura, da yara huɗu masu koyo, ƙaraminsu bai wuce shekara 13 ba.

Kafin in faɗi wasan da ake yi a wurin, ya kamata a san darajar abin da ke hannunsu. Ƙasarmu ba ƙasar katako ba ce. Wanda ya san yankin Gure ya san tuddan rairayi da kwaruruka masu goruba da dabino da kanwa. Falankin da ake yin gado da shi daga dazuzzukan kudu yake fitowa, galibi ta Najeriya, ya biya kuɗin mota, ya biya na duwan. Kafin ya iso Bune ya zama abin lallaɓawa, yanka ɗaya na kuskure na iya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Mutum zai zaci wurin da asara ke kusa haka ba za a ji komai ba sai tsawa. To, abin ba haka yake ba.

Sabon yaro, a makonsa na farko, sai an aike shi wajen maƙeri ya aro "zarton bahago". Maƙerin ya san zancen, sai ya ce ai yanzu tela ya karɓa. Tela ya tura shi wajen mai facin taya. Da ya dawo hannu wofi yana haki, sai rumfa ta kaure da dariya, a ba shi ruwa ya sha, sannan maigida ya baje kayan aiki duka a kan tebur ya faɗa masa sunan kowanne da amfaninsa. Daga ranar yaron ba ya sake karɓar aike bai yi tambaya ba.

Kayan aikin ma kowanne da laƙabinsa. Tsohon zarto sunansa Kaka, don haƙora sun ƙare amma an ƙi hutawa. Babbar guduma Alƙali ce, in ta yi magana gardama ta ƙare. Mitar awo kuwa 'Yar Gulma ake ce mata, saboda ba ta rufa wa kowa asiri. Shi kansa katako, maigida kan ce baƙo ne daga kudu da bai saba da ƙasarmu ba: hunturu ya ramar da shi, damina ta sa shi ƙiba. Shi ya sa ake barinsa ya sha iska a inuwa kafin a yanka, shi ya sa kuma ake bar wa durowa 'yar tazara, in ba haka ba ranar da ruwa ya sauka amarya ta ja ta ƙi fitowa. Darasin kimiyya ke nan cikakke, na yadda ice ke shan laima yana kumbura, ya bushe ya motse, kuma babu yaron rumfar da ya manta shi.

Wasan da ya fi burge ni shi ne shari'a. Duk yaron da ya haɗa kujera, kafin a shafa mata fenti sai an gurfanar da ita. Lokacin shayi ake yi. A ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗen falanki, wanda ya yi ta ya zauna, a miƙa masa kofin shayi cike fal, a ce ya juya dama, ya juya hagu. In kujerar ta yi ɗingishi, shayi ya zube masa a riga, shaida ta tabbata. Cikin yaran akwai Bafillace, akwai ɗan Manga, kuma kowa ya san Fulani da Barebari taubasai ne. Ranar da kujerar Bafillacen ta faɗi a shari'a, ɗan Mangan ya ce a yi masa afuwa, ina ya san kujera, mutumin da a kan sanda ya saba hutawa? Shi kuma ya ce gara shi, Babarbare ko kujerarsa ta karkace cewa zai yi ƙasa ce ba ta daidaita ba. Wannan wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, shi ke sa a faɗa wa mutum kuskurensa ƙiri-ƙiri ba tare da zuciya ta ɓaci ba. Da dariya ta lafa, maigida tambaya ɗaya yake yi: "Wace ƙafa ce ta yi ƙarya?" Ba ya nunawa. Yaron ne zai ɗauki 'Yar Gulma ya auna ƙafafu huɗu har ya gano. Hukuncinsa wanke kofunan shayi da gyaran kujerar.

A kusurwar rumfar akwai buhun guntayen katako, na kowa ne, ba a neman izini. In aiki ya yi sauƙi yaran kan ƙera motoci masu taya da marfin kwalba, da 'yan gadaje da kujerun 'yar tsana. Buhun nan shi ne dabarar maigida ta tsare dukiyarsa. Bayan kaka, lokacin da aure ke yawa, uwar amarya kan zo da hoton gado ko kwaba a waya, wanda aka turo mata ta WhatsApp, ta ce irinsa take so. Ba a taɓa falanki sai an fara yin ƙaraminsa da guntaye: gado mai tsawon mita 2 ya koma santimita 20, kowane awo a raba shi goma. A nan ake ganin inda zai yi rauni, a nan uwar amarya ke cewa a rage wannan a ƙara wancan. Mu malamai mun san wannan darasi, shi ne ma'aunin taswira da muke fama da 'yan CM2 a kansa kowace shekara.

Ɗaya daga cikin yaran ya bar makarantarmu a CM1. Wata rana cikin raha na ce masa, "To, malam kafinta, falanki mai mita 4, ana son guntaye masu santimita 120. Nawa za a samu, nawa zai saura?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Uku, Mushe. A allo saura 40. Amma a nan ba za ta cika 40 ba, don Kaka sai ta ci rabonta a kowane yanka." Gaskiyarsa, kaurin bakin zarto na tafiya da 'yan milimita ya mai da su gari. Na kuma ga yana duba daidaiton kusurwar tebur: ya auna 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, ya ce in tsakaninsu bai ba da 50 ba, tebur ya karkace. Bai san sunan Pitagor ba, wanda sai a kwaleji ake jin labarinsa, amma da ƙa'idarsa yake cin abinci.

Kada a ce wurin ba doka. In zarto na kan katako ba mai magana da mai yanka. Ba a wasa da kurfi, ba a wasa da katakon mai aiki, in an kira salla kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Wasan yana da gurbinsa, kuma yaran sun san iyakarsa fiye da yadda 'yan ajinmu suka san dokokin da muka liƙa a bango.

Wannan dabara ta gwaji cikin wasa, manyan masu ƙera kayan ɗaki na duniya ma da ita suka tashi. A Amurka, miji da mata, Charles da Ray Eames, a 1941 cikin ɗakin hayarsu a Los Angeles suka harhaɗa wata na'ura da guntayen katako da famfon keke don lanƙwasa siraran katako da aka manne da gam. Suka sa mata suna Kazam, kalmar da masu siddabaru ke faɗi in za su nuna abin mamaki. Daga wannan gwaji aka samu karan ɗorin katako da sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma kujerun da har yau ake ƙerawa. A 1945 har giwar katako suka yi wa yara. A ƙasar Danmak kuma, wani kafinta a garin Billund, Ole Kirk Christiansen, da kasuwa ta mutu ya koma yin kayan wasan yara na katako a 1932. A 1934 ya sa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Yau kamfanin na cikin manyan masu yin kayan wasa a duniya.

Me ya sa yaron da rabawa ke ba shi tsoro a aji yake yin ta a rumfa ba gargada? Abu uku na lura da su. Na farko, kuskure a can ba shi da tsada, don a kan guntaye ake yin sa kafin a kai ga falanki. Na biyu, kujerar ce ke yanke hukunci, yaro na gani da idonsa, ba sai ya jira jan alƙalamin wani ba. Na uku, dariyar da ake yi kowa na shan irinta, yau kai gobe ɗan'uwanka, saboda haka babu kunya a ciki. A aji kuwa kuskure na da tsada: sifili a littafi, dariyar raini, wani wurin har bulala, a gida kuma faɗa. Yaro mai wayo, in ya ga haka, sai ya daina ɗaga hannu. Wanda ya daina gwadawa kuwa ya daina koyo.

A makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram an koya mana cewa yaro daga abin da ya taɓa da hannu yake hawa zuwa abin da ke kan allo. Tsarin karatunmu ma ya ware lokacin aikin hannu, wanda muke kira APP. Amma a makarantu da dama lokacin nan ya koma sharar fili da ɗebo ruwa. Na san dalilai: aji cike, manhaja doguwa, kayan aiki babu. Sai dai buhun guntaye kyauta ake samunsa, mitar awo ɗaya da zare ba za su gagari kwamitin iyaye ba.

Ba ina cewa a cire yara daga makaranta a kai su rumfa ba ne. Maigidan da kansa ya ce mini, "Mushe, ku riƙe mana su har su iya karatu. Wanda bai iya rubuta awo da lissafin kuɗin kaya ba, yaron wani zai zauna har ya tsufa." Kuma ba kowace rumfa ce haka ba. Akwai inda yaro zai shekara uku ba abin da ya iya sai aike da shan zagi.

Don haka ga roƙona. 'Yan'uwana malamai, mu shigo da mita aji. Yara su auna teburinsu, ƙofa, allo, su fara yin hasashe kafin su auna, wanda hasashensa ya fi nisa a yi masa shari'a ta raha ya gano inda ya kauce. Mu gayyaci kafintan gari ko sau ɗaya a shekara ya nuna musu 30, 40, 50 da hannunsa. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa yana ƙera motar kara ko ta langa-langa, kada a tattake ta a ce ɓata lokaci ne, a tambaye shi yadda ya yi tayoyin suka zo daidai. In kuwa ta kama a kai shi koyon sana'a, ko a rumfa ko a cibiyar koyon sana'a ta CFM, a kai shi da fuskar wanda ya zaɓa masa hanya, kada ya ji kamar an yar da shi. Kafin ku miƙa shi, ku je ku zauna a wurin yini guda ku saurara. In kun ji yara na tambaya ana amsa musu, ana dariya ana aiki, ku bar shi. In ba ku ji komai ba sai tsawa, ku nemi wani wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kowane kafinta zai gaya muku cewa wanda aka tanƙwara da ƙarfin tsiya tsagewa yake yi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu da kawunansu.