A Ina Za a Ɗaura, Wa Kuma Zai Ɗaura?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwa abin da ya same ni, ko wani ya ƙaru.

Mu Hausawa ne Kirista na ƙasar Zazzau. Ƙanena ya rasu ya bar mini 'ya guda, ni na riƙe ta har ta isa aure. Da ta fid da miji, suka ce auren kotu suke so, amma a ɗaura shi a ƙofar gidana, gindin darbejiyar da ubanta ya dasa, wani mai wa'azi abokin ango kuma ya ɗaura. Wannan magana ta yi mini daɗi, har na yi ƙwalla. Amma da na kwanta sai na tuna da wata gwaggona. An yi mata aure an ba ta takarda, ta adana a akwati shekara da shekaru. Ran da mijin ya mutu aka zo rabon gado, aka ce takardar ta sa albarka ce kurum, hukuma ba ta san da ita ba. Haka ta fita gidan daga ita sai 'yan tsummokinta.

Gari na wayewa na nufi ofishin rajistan aure, don matambayi ba ya ɓata. Akawun ya ce, "Baba, zauna ka ji." Ya ce dokar nan tun 1914 take, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. Da fari sai a ba da sanarwa, a manna ta kwana 21, ko akwai mai magana. In babu, a ba su takardar izini, kuma lalle a ɗaura kafin wata 3 ya cika daga ranar sanarwa. Wurin ɗaurawa biyu ne. Ko a ofis, gaban mai rajista, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ko kuwa a majami'ar da Gwamnati ta ba lasin, ta hannun limamin da ɗarikarsa ta naɗa, tsakanin ƙarfe 8 da 6. Ko'ina ne, ƙofa a buɗe, da shaidu aƙalla 2. Wani wuri dabam sai da izini na musamman. In kuwa ango da amarya suna sane suka saɓa, to, babu aure.

Na komo na tambayi mai wa'azin nan, ya gaya mini gaskiya, ya ce ba a naɗa shi ba. Na kira yarinyar na ce, "'Yata, gindin itace ba ya ba da takarda." Ta ce, "Baba, ashe ubana ba zai sami rabo a aurena ba?" Kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba, ni ma haka. Daga baya muka shirya. Aka ɗaura a ofis da hantsi, ni da kawun ango muka sa hannu. Da la'asar muka taru a gindin darbejiya, mai wa'azi ya yi addu'a, aka ci aka sha.

To, jama'a, kafin ku yanka sa, ku tambayi abu biyu: wurin yana da lasin? Mai ɗaurawa yana da iko? 'Yan'uwanmu Musulmi kuwa, aurenku na waliyyi da sadaki da shaidu tsayayye ne, hukuma ta yarda da shi. Amma duk mai sha'awar na kotu ya sani mace ɗaya ce tak. Wanda ya ƙara wata alhali na farko bai mutu ba, doka ta yanka masa ɗaurin da ya kai shekara 5.

Allah ya ba mu zaman lafiya da iyalinmu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Dattijo, Zariya.