Waƙar Bokitin Roba

Ranar Laraba ce, 29 ga Oktoba 2014, muka bar Mubi da ƙafa. Da hantsi ƙarar bindiga ta cika gari, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni Littafin Waƙoƙi na cusa a aljihu, domin a lokacin ina cikin mawaƙan ekklesiyarmu. A hanya muka ji cewa hedkwatar ekklesiyar EYN da ke Kwarhi ma ta faɗa hannun 'yan ta'adda. Kwana huɗu muna ratsa daji da duwatsu kafin mota ta kwashe mu zuwa Yola, inda muka sami mafaka a harabar majami'ar St. Theresa.

Makonmu na farko babu wanda ya rera waƙa. Mukan taru da yamma, fasto ya yi addu'a, a ce amin, a watse. Sau ɗaya na buɗe littafina na fara wata waƙar yabo, muryata ta maƙale a baiti na biyu. Ƙanena bai iso ba, kuma ba mu san inda yake ba.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Michika, wanda yakan shimfiɗa tabarmarsa kusa da tawa. Da ya ga na rufe littafin sai ya ce, "Ɗana, ka san waƙar nan ta Spafford da kuke rerawa da Turanci wajen jana'iza?"

Na ce, "Na san ta, Baba."

"To ka san labarin wanda ya yi ta?"

A daren nan ya ba ni labarin. Horatio Spafford lauya ne a Chicago ta Amurka. Gobarar 1871 ta cinye dukiyarsa. A Nuwamba 1873 ya tura matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu Turai a jirgin ruwa mai suna Ville du Havre. A tsakiyar teku jirgin ya yi karo da wani, ya nutse, mutum fiye da 200 suka rasu, har da 'ya'yan nan huɗu duka. A cikin iyalinsa da ke jirgin, matar kaɗai ta tsira. Daga cikin wannan rashi ya rubuta waƙar da ke shaida salamar rai a tsakiyar baƙin ciki. Philip Bliss, wanda ya sa mata murya a 1876, shi ma bai ga ƙarshen shekarar ba: gada ta karye da jirgin ƙasan da yake ciki a Ashtabula, ya rasu tare da matarsa.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Mai ƙoshi ba ya yin irin wannan waƙa. Ka duba Littafi Mai Tsarki, akwai littafi guda sunansa Makoki, kukan rushewar Urushalima ne daga farko har ƙarshe. Allah bai hana mu kuka a gabansa ba."

Bayan kwana biyu na ga abin da yake nufi da idona. Wata uwa daga Zumuntar Mata, wadda aka kashe mijinta da babban ɗanta a kan hanya, ta zauna bakin murhu bayan an gama rabon tuwo. Tulun da mata ke bugawa a sujada an bar shi a gida, sai ta kifa bokitin roba tana buga shi da tafin hannu a hankali. Ta fara kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya, Madagali, Gulak, Michika, Uba, Chibok, Mubi, tana tambayar Ubangiji ina tumakinsa suka kwana. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma shirya komai ba. Mata biyu suka kama amshi, sai goma, sai harabar duka. Duk wanda aka kira garinsu sai ya fashe da kuka, amma ba ya sakin amshin. Da ta kai Mubi na ji abin da ya toshe mini maƙogwaro tun ranar Laraba ya buɗe, na kira sunan ƙanena da ƙarfi a cikin waƙar.

Da safe na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ki bari in rubuta waƙar nan kada ta ɓace."

Ta ce, "Rubuta, ɗana. Amma ka bar wuri a ƙasa, akwai sunayen da ba su iso ba tukuna."

Na rubuta ta a farar takardar da ke bayan Littafin Waƙoƙina. Ƙanena ya iso bayan mako uku ta hanyar Kamaru, ƙafafunsa a kumbure. Na Mama ba wanda ya dawo. Duniya ta san sunan Spafford da na Bliss, ita kuwa ko a garinsu ba kowa ya san ita ta yi waƙar ba. Har yau idan aka rera tasu a jana'iza, bugun bokitin nan nake ji a ƙarƙashinta. Wurin da ta ce in bari a ƙasan takardar yana nan, na ƙara sunayen garuruwa uku tun daga lokacin.